Ranar da Aka Bar Ƙamus In Caj

Duk wanda ya taɓa shigowa rukunin shagunanmu ya san Ƙamus, domin ba ka isa ka wuce get bai jefe ka da Turanci ba. Shi ne maigadinmu. Ni kuwa shagon askina yana kallon ɗakin gadinsa, saboda haka abin da zan faɗa da idona na gani, ba labari aka ba ni ba.

Bakinsa ne ya jawo masa sunan. Ya taɓa yi wa wasu Turawa masu aikin hanya wankin mota, tun daga nan ya ce babu kalmar Turancin da ba ta kwana a kansa ba. In ka yi masa sannu, sai ya ce a Turance sannu iri-iri ce, ya tsare ka a rana sai ya gama jero maka su. Amma ban taɓa ganin ya karanta ko rubutun jikin kwalbar magani ba. Kullum ya manta tabarau a gida, alhali gidan ga shi nan a bayan ɗakin janareta.

A wannan ɗakin na baya yake zaune da matarsa da tagwayensu masu rarrafe. Ɗakin na aikin ne, ranar da aiki ya tafi shi ma ya tafi. Maman 'Yan Biyu ta sha tashi daga gida zuwa gida saboda surutun mijinta, kuma wannan ne wuri na farko da suka daɗe har hankalinta ya kwanta ta kafa ƙusa ta rataye labule.

Mai rukunin shagunan, Injiniya, mutum ne da in yana sauri Turanci ke riga Hausa fitowa daga bakinsa. Manajansa ya ajiye aiki, shi kuma tafiya ta kama shi. Da safe ya tsayar da mota a get, ya sauke gilashi, ya cilla wa Ƙamus tarin makullai.

"Ƙamus, yu a in caj. In na dawo na tarar da wurin nan lafiya, kujerar manaja taka ce. In kuwa na tarar da shirme, get ɗin da ɗakin duka za ka bar mini."

"No furobulem, sa!" Ƙamus ya ƙame ya sara masa, makullan suka zube a ƙasa.

Ƙurar motar ba ta kwanta ba ya faɗo shagona ya haye kujera.

"Mai aski, yi mini askin manaja."

"Wane iri ne kuma askin manaja?"

"Wanda in an gani za a miƙe tsaye."

Ina yi masa gyaran fuska na ce, "To, Allah ya taya riƙo. Kula da wuri dai ya ce ka yi, ba wani abu ba."

Ya kalle ni ta madubi, kallon tausayi. "Wannan fassarar masu aski ce. Da kula yake nufi, da ya ce kula, ai ya iya Hausa. Tunda ya tsallake Hausa ya ɗauko Turanci, jarrabawa ce. Caji kalma ce mai 'ya'ya da jikoki. Bai faɗi wanne yake so ba, don haka duka zan yi masa, ya dawo ya zaɓa."

Daidai nan matarsa ta zo wucewa da bokiti, ɗa ɗaya a baya, ɗaya a kafaɗa. Ta ji komai.

"Baban 'Yan Biyu, don girman Allah ka koma get ɗinka, ka buɗe, ka rufe, har mutumin nan ya dawo."

"Ke dai je ki fara naɗe labulenki," ya ce. "Mun kusa barin ɗakin nan."

Ya fara da cajin da kowa ya sani. Ya fita bakin titi ya kafa hannu a baki: "Jama'a! Firi of caj! Ma'ana, caji kyauta! A kawo waya, a kawo fitila, yau manaja ne ke yi!"

Ranar babu wutar gari, janareta muke amfani da shi, kuma unguwar duk a duhu ta kwana. Kafin ka ce me, get ya cika. Wayoyi, tocila, rediyo, fanka mai caji, batirin mota. Wani ya turo babur mai lantarki, wata ta ɗauko injin markaɗe ta ce a gwada mata ko shi ma yana shan caji. Ƙamus bai mayar da kowa ba. Ya jona igiyar wuta a jikin igiyar wuta, soket a jikin soket, tun daga ɗakin janareta har bakin get, har sai da tsakar wurin ta koma kamar shanyar igiyoyi.

Na leƙo na ce, "Manaja, kana jin kukan injin nan kuwa?"

"Murna yake yi. Bai taɓa samun aiki irin na yau ba."

A lokacin ina da mutum a kujera, wani ƙato mai gashin baki da ba ya son magana. Na gama kwashe masa ɓangaren dama tas, na ɗaga injin zan koma hagu, sai janareta ya yi tari, ya sake tari, ya yi wata ƙara, bum! Baƙin hayaƙi ya turnuƙe. Injin askina ya mutu a hannuna. Fankoki suka tsaya. Can kusurwa kuma, ƙaton firijin Mai Kifi, wadda ta sauke kaya cike da mota jiya-jiya, ya yi shiru.

Ƙaton ya daɗe yana kallon kansa a madubi, rabi fili, rabi daji. Na ce, "Yallaɓai, bari in ƙarasa da almakashi." Ya ce a'a, zai jira wutar, shi ba ya son aski kala biyu. Ya harɗe hannuwa ya zauna da mayafin aski a wuya.

Aka kira mai gyara. Ya leƙa cikin injin, ya shaƙa, ya girgiza kai, ya ce ba zai taɓa ko noti ba sai an ba shi kuɗin kaya. Aljihun Ƙamus kuwa ko iska ba ta kwana a ciki. Na zaci jikinsa zai yi sanyi, sai na ga yana murmushi.

"Kun gani? Ma'ana ta biyu ta zo da ƙafarta. Caji, wato karɓar kuɗi."

Ya ɗaure igiya a get daga ƙarfe zuwa ƙarfe, ya ajiye bokiti a gabansa. Shiga akwai caji, fita akwai caji, tsayuwa a inuwar get ma akwai caji. Masu wayoyi suka taso.

"Ba kai ka ce kyauta ba?"

"Shigowar wayar ce kyauta. Fitarta akwai caji."

"To ai tawa da rabin caji na kawo ta, yanzu ko kunnuwa ba ta yi!"

"Wannan sai ka tambayi kamfanin da ya ƙera ta."

Mai injin markaɗe ta ce, "Ni nawa ma ƙauri yake!"

"Alamar ya ƙoshi ke nan. Na gaba!"

Ana cikin wannan sai ga wata tsohuwa da sanda da silifas, tana tafe a hankali. Na san ta sarai, don ni nake zuwa gida yi wa jikokinta aski. Mahaifiyar Injiniya ce, ta fito ta sayi kifi. Ƙamus bai taɓa ganinta ba.

"Iya, dakata. Shiga akwai caji."

Ta dube shi, ta dubi igiya. "Ɗan nan, wurin wane ne nan?"

"Yau dai nawa ne."

"Ikon Allah. Yaushe ka saya?"

"Iya, tambaya ma akwai caji."

Ba ta yi musu ba. Ta kwance bakin mayafi ta jefa a bokiti, ta nuna bencinsa ta ce ƙafa na damunta. Ya ce zama ma akwai caji. Ta biya, ta zauna, ta gyara mayafi kamar wadda ta zo kallo.

Na ruga na ja shi gefe. "Ƙamus, zo ka ji, matar nan..."

"Ganin manaja akwai caji."

Na bar shi na zagaya na faɗa wa matarsa. Ta fito da gudu ko takalmi babu, ta raɗa masa a kunne. Ya tuntsire da dariya.

"Uwar Injiniya? A ƙafa? Da silifas? Ke dai an ga ba ki da boko ana ta yi miki wasa da hankali."

Tsohuwar ta yafito ni. "Mai aski, ara mini wayarka." Tawa ce kaɗai mai rai a wurin, don ban kai ta cajin manaja ba, kuma ba a hana tsohuwa waya. Na latsa mata lambar. Kalmominta ba su da yawa: "Kana ina? To, juyo. A'a, lafiyata ƙalau, kallo nake. Juyo dai." Ta miƙo mini wayar ta ce Allah ya yi albarka.

Rana ta take. Ƙanƙarar Mai Kifi ta fara narkewa, ruwa ya biyo ta ƙarƙashin ƙofarta ya gangaro tsakar wuri, mai yauƙi, mai ƙarni. Ƙudaje suka amsa gayyata, kuliyoyin unguwa suka jeru a kan katanga, su dai ba wanda ya caje su. Mai Kifi ta fito ɗankwali a ɗaure a ƙugu, riƙe da wani ƙaton kifi ta wutsiya.

"Kai, Ƙamus! Shinshina!"

"Madam, a kira ni da muƙamina."

"Muƙamin uwar wa? Jarina ne ke ruɓewa a ciki! Ko ka tayar da injin nan, ko in sa ka cinye su ɗanye, ɗaya bayan ɗaya!"

Ƙamus ya ja da baya, ya gyara wuyan riga, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji. "Ma'ana ta uku! Caji, wato tuhuma. Madam, ina cajin ki da laifin ɓata iskar jama'a, da tara ƙudaje ba izini, da ɗaga wa hukuma kifi."

Ta ɗaga kifin sama sosai. Da ba don Maman 'Yan Biyu ta shiga tsakani tana ba ta haƙuri ba, da a fuskarsa zai sauka.

Hayaniyar ce ta fito da ƙaton nan daga shagona, mayafin aski na kaɗawa a wuyansa, rabin kansa na ƙyalli a rana. Wani ya kasa riƙewa ya fashe da dariya.

"Wa ya kashe wutar nan?" in ji ƙaton.

"Kafin nan," in ji Ƙamus, "ka biya cajin tsayuwa?"

"Na ce wa ya kashe wuta? Ina babban makunnin yake?"

"Au, makunni? Yana ciki nan, bismilla." Ya nuna masa ɗakin gadi, wani ɗan akurki da ko tagar kirki ba shi da ita. Ƙaton na sa ƙafa ciki, Ƙamus ya ja ƙofa ya datse kwaɗo.

"Ina cajin ka da ƙin biyan caji, da yawo da rabin kai a bainar jama'a!"

Ƙofar ta girgiza. "Kai! Ka san ko ni wane ne?"

"Duk wanda aka kama haka yake cewa."

Ya tsinci gawayi ya zana wasu ƙugiyoyi a jikin ƙofar, ya ce wa jama'a abin da ya rubuta shi ne caji ofis. Wani malamin makaranta da ya zo karɓar wayarsa ya karkata kai dama, ya karkata hagu, ya ce shi dai ƙafar kaza yake gani.

Zuwa yanzu masu wayoyi sun ƙaru, don kowa ya koma ya kira yayansa. Sun taru a bayan igiya suna ihu, wasu sun fara ɗaga ƙafa za su tsallako. A bakin titi akwai wani tsohon soja mai facin taya, mutumin da bai taɓa ganin wuta ya kawo ruwa ba. Ya matso yana goge hannu da tsumma.

"Manaja, aiki ya yi kyau. Amma saura ɗaya."

"Na sani," in ji Ƙamus. "Gwada ka nake. Faɗi in ji ko daidai ka riƙe."

"Mu a soja, in kwamanda ya ce caj, to a ruga a afka wa abokan gaba ke nan. Ba a waiwaye."

"Daidai! Ka ci."

"Baban 'Yan Biyu!" Muryar matarsa ta karye. "Ka dubi yaran nan. Ka dubi Allah ka ajiye makullan nan ka zauna!"

Wallahi a nan dariyata ta tsaya, tausayinta ya kama ni. Shi kuwa ko a jikinsa. Ya zazzage kuɗin bokiti a aljihu, ya kifa bokitin a ka, ya ɗauki sandar goge-goge mai jiƙaƙƙen tsumma a baki, ya ja da baya har ƙofar shagona don ya samu filin gudu. Tsohuwa ta janye ƙafafunta ta ba shi hanya.

"Caaaaaj!"

Gudun ya yi kyau, ba zan ci haƙƙinsa ba. Jama'a suka dare biyu. Sai dai bokitin ya zamo ya rufe masa ido daidai lokacin da ƙafarsa ta sauka a ruwan kifi. Ƙafafun suka yi gaba suka bar shi. Ya tafi a kan gindi, suuuu, ya kwashi igiyoyin wuta, wayoyin mutane na binsa a baya suna ƙarar fashewa, ya wuce ta ƙarƙashin igiyar get ɗinsa bai biya ba, ya daki gaban wata mota da ta shawo kwana ta taka birki. Sandar ta kuɓuce ta tashi sama, tsumman ya sauka shaɓal a gilashin gaba.

Ƙofar motar ta buɗe. Injiniya ya fito.

Ya dubi hayaƙin da har yanzu ke fita daga ɗakin janareta. Ya toshe hanci. Ya dubi mahaifiyarsa a kan benci.

"Iya, me kike yi a rana?"

"Na biya kuɗin zama ne, ɗana, ban so ya tafi a banza. Ashe ka sayar da wurin ba ka faɗa mini ba?"

Ƙamus ya cire bokiti daga ka, ya miƙe yana ɗiga, ya ƙame. "Welkom, sa! Duka huɗun na yi, sa. Na wuta, na kuɗi, na tuhuma, na yaƙi. Sai ka zaɓa."

Ƙofar ɗakin gadi ta sake girgiza kamar za ta ɓalle. Injiniya ya fizge makullan ya buɗe. Da ya ga wanda ya fito, sai da ya ja da baya.

"Sufeto! Ranka ya daɗe, me ya kai ka ciki?"

Ashe babban ɗan sandan yankinmu ne, ya saka kayan gida ya zo aski. Ya shafa ɓangaren da ke da gashi, ya shafa wanda babu, ya tsaya a gaban Ƙamus.

"An caje ni ne," ya ce a hankali. "Ni ma ina da caji ofis, na gaske, mai rubutu a jiki. Ka taɓa gani?"

Tsohuwa ce ta ceci Ƙamus. Ta ce, "Sufeto, bar shi don yaran can. Ka taɓa ganin an ɗaure mutum saboda ilimi ya yi masa yawa?" Jama'a suka kwashe da dariya, har gashin bakin Sufeto ya motsa. Ya ce a mayar wa kowa kuɗinsa yanzu-yanzu, shi kuma a ƙarasa masa kai ko da wuƙar kifi ce.

Injiniya ya yi wa Mai Kifi da masu wayoyi alkawarin zai zauna da su. Sannan ya juyo kan Ƙamus, ransa ya ɓaci har Hausa ta gudu.

"Yu a discaj!"

Fuskar Ƙamus ta washe. Ya juya ga taro ya ɗaga hannu biyu.

"Kun ji da kunnenku! Discaj! A kotu, in alƙali ya ce discaj, an wanke mutum ke nan, ba shi da laifi. A asibiti kuwa, ya warke, ya tafi gida. Wanne kake nufi, sa?"

"Na tafiya gidan," in ji Injiniya, ya sa makullan a aljihu.

Ba wanda ya yi dariya sosai, domin kowa ya ga abin da ke fitowa daga bayan ɗakin janareta. Maman 'Yan Biyu ce, katifa a naɗe a ka, ƙullin tukwane a hannu, labulen nan a saɓe a kafaɗa. Har ƙusar ta ciro, na gan ta a tsakanin yatsunta. Tagwayen na biye da ita da rarrafe.

"Ke kuma ina zuwa?" in ji Ƙamus. "Ba ki ji fassarar ba?"

"Ni ban iya Turanci ba, Baban 'Yan Biyu. Na dai ga makulli ya koma aljihun mai shi. Ka ce in naɗe labule, ga shi na naɗe. Gidan yayata za mu, in ta yarda ta buɗe mana."

Ya buɗe baki, ya rufe. Tun da na san shi, ranar ce farko da na ga kalma ta ƙi zuwa.

Ta sunkuya da kayan a ka, ta ɗago yaran ɗaya bayan ɗaya ta danƙa masa a ƙirji.

"Riƙe. Yu a in caj."

Bai tambaye ta wace ma'ana ba. Ya rungume su da hannu biyu, ya gyara wa ɗaya wuyan riga, ya kare kan ɗayan daga rana da tafin hannu, ya tsallake ruwan kifin a hankali kamar mai tafiya a kan ƙwai.

Sun kusa get sai ɗaya daga cikin yaran ya saki fitsari, ya jiƙa masa gaban riga har ƙasa. Ƙamus ya dubi rigar, idonsa ya ɗan yi haske, ya waiwayo ni.

"Mai aski, ka san wannan ma a Turance dis..."

"Ƙarasa ka gani," in ji matarsa, ko juyowa ba ta yi ba.

Bai ƙarasa ba. Tsohon soja ya kwance igiyar get ya ba su hanya, suka fita, ba wanda ya caje su.